Auna mai binciken cutar jini da Google Scholar: inda mudun ke cika da inda yake tauyewa

Mai son sanin nauyin likitan da ke bincike kan cututtukan jini, inda yake fara leƙawa a yau shi ne Google Scholar. Haka kwamitin ƙarin girma yake yi a jami'a, haka ɗalibin da ke neman malamin da zai duba masa aikin digiri na uku, haka ɗan jaridar da ke neman wanda zai yi wa tambaya kan sikila. A buga suna, a dubi lambobi uku da ke gefen shafi, a ce wane ya fi wane. Lambobin su ne jimillar ambato, wato sau nawa wasu rubuce-rubuce suka kafa hujja da aikin mutum, sai ma'aunin h, sai ma'aunin i10. Wajen gano abin da mutum ya rubuta, babu wata manhajar kyauta da ta kama ƙafar Google Scholar. Wajen auna darajar abin da ya rubuta kuwa, mudu ne da mai kaya yake riƙe da hannunsa, kuma fannin jini yana da ramuka nasa na kansa da lambobin ba sa nunawa.

An buɗe Google Scholar a watan Nuwamba na 2004, shafukan masu bincike kuma suka zo a 2011. Ba a biyan ko kwabo, ba sai ka yi rajista ba kafin ka duba shafin wani, kuma yana buɗewa a ƙaramar waya ba tare da cin data sosai ba. Shafin yana nuna suna da wurin aiki, sai maƙalu 20 na farko jere bisa yawan ambato, da maɓallin ƙara sauran a ƙasa. Teburin lambobi layi biyu ne, ɗaya na tun farkon aikin mutum, ɗaya na shekaru biyar da suka wuce. Layi na biyun ya fi amfani fiye da yadda ake ɗaukarsa, domin shi ke nuna ko mutum yana kan aiki ko tsohon suna yake ci. A ƙarƙashin suna akwai ɗan rubutu da ke cewa an tabbatar da imel ɗinsa a wata cibiya. Iyakar abin da wannan ya tabbatar shi ne mutumin yana da adireshin imel na wurin. Maƙalun da ke jere a ƙasa babu wanda ya tantance su. Mai shafin ne ke zaɓar abin da zai shiga, ko kuma na'ura ta zuba masa.

Ma'aunin h wani malamin kimiyyar fiziks ne, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya fito da shi a 2005. Lissafinsa da sauƙi. Ka jera maƙalun mutum daga mafi yawan ambato zuwa mafi ƙaranci, ka riƙa ƙirgawa har inda lambar layi za ta zarce yawan ambaton. A ce likita na farko yana da maƙalu goma da ambato 900, 45, 30, 12, 9, 7, 4, 2, 1 da 0. Ta shida tana da 7, ta cika sharaɗi. Ta bakwai tana da 4, ba ta kai bakwai ba. Ma'auninsa 6 ke nan, jimillarsa 1,010. A ce na biyu shi ma goma gare shi, da ambato 14, 13, 12, 12, 11, 11, 10, 10, 9 da 9. Ma'auninsa 9, jimillarsa 111 kacal. Wa ya fi? Lambar ba za ta faɗa maka ba sai ka buɗe maƙalar nan mai 900. Idan gwajin magani ne da shi ya tsara ya kuma jagoranta, ya yi wa na biyu fintinkau duk da ƙarancin ma'auninsa. Idan kuwa sunansa na 340 ne a cikin marubuta ɗari biyar, to jimillar tasa aro ce. Ma'aunin i10, wanda Google ne ya ƙirƙiro shi, ƙirga maƙalun da suka kai ambato goma ne kawai, ba ya ƙara wani haske sosai.

Ramin da ya fi kama mutane a fannin jini shi ne taƙaitattun rahotannin taro. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka, wadda aka fi sani da ASH, tana babban taronta duk watan Disamba, kuma dubban taƙaitattun rahotannin da ake gabatarwa a can ana buga su a wani ƙarin fitowa na mujallarta mai suna Blood, wadda take fitowa tun 1946 kuma tana sahun gaba a fannin. Google Scholar yana jera waɗannan rahotanni da sunan mujallar, da lambar kundi da shekara, kamar cikakkiyar maƙala. Sai ka ga shafin mutum yana ɗauke da "Blood" sau talatin, ka zaci gwarzo ne, alhali ashirin da takwas daga ciki rahoto ne na shafi guda da bai bi tantancewar da ake yi wa cikakkiyar maƙala ba. Gane su ba wuya. A layin bayanin za ka ga kalmar "Supplement" ko lambar shafi guda ɗaya tak maimakon daga kaza zuwa kaza, kuma kusan dukansu na watan Nuwamba ne ko Disamba. Gwaji mafi sauri shi ne ka kwafi taken ka zuba a PubMed, rumbun neman maƙalun likitanci a intanet. In bai fito ba, galibi rahoton taro ne. Ba laifi ba ne mutum ya gabatar da aiki a taro, amma rahoton da ya shekara biyar bai zama cikakkiyar maƙala ba yana da abin tambaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai maƙalun taron dangi. A 2023 mujallar Lancet Haematology ta buga ƙiyasin yawan masu sikila a duniya, daga babban aikin nan na ƙididdigar cututtuka da ake gudanarwa daga Jami'ar Washington. Ƙiyasin ya ce a 2021 mutum miliyan 7.74 ne ke rayuwa da cutar, an haifi jarirai 515,000 da ita, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin 376,000. Duk wanda zai rubuta wani abu kan sikila zai so ya buɗe da waɗannan alkaluma, don haka ambaton maƙalar zai yi ta hauhawa. Irin waɗannan maƙalu marubutansu kan kai ɗaruruwa, kuma Google Scholar yana ba kowane ɗayansu cikakken ambaton, da wanda ya yi shekaru yana lissafi da wanda ya karanta daftari ya aika da gyara biyu. Shafin kuma yana datse jerin marubuta bayan 'yan sunayen farko ya sa ɗigo uku, ta yadda ba ka ganin gurbin mutum sai ka latsa maƙalar, wani lokaci ma sai ka je shafin mujallar. A al'adar binciken likitanci, sunan farko na wanda ya ɗauki ɗawainiyar aikin ne, na ƙarshe na babban da ya jagoranta, na tsakiya kuwa kowa da gwargwadon gudummawarsa. Babu maɓallin da zai ware maka waɗannan a Google Scholar. Wannan babban giɓi ne ga manhajar da ake yanke wa mutane hukuncin ƙarin girma da ita.

Akwai kuma bambancin kasuwa a cikin fannin kansa. Mai binciken kansar jini da mai binciken sikila duka likitocin jini ne, amma ba a kasuwa ɗaya suke ci ba. Inda kuɗin bincike ya yi yawa, masu rubutu suna da yawa, masu ambato ma haka. Wani nazari da aka buga a 2020 ya kwatanta kuɗin da gwamnatin Amurka ke zubawa a binciken sikila da na wata cutar gado ta huhu wadda ta fi kama fararen fata, ya tarar kowane mai cutar huhun yana samun fiye da ninki uku na abin da mai sikila ke samu, alhali masu sikila a ƙasar sun fi yawa. A ɓangaren kansar jini kuwa, takardun rarraba nau'o'in cutar na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a Blood a 2016 kusan wajibi ne ga duk mai rubutu ya ambace su, don haka marubutansu suna kwasar ambato dubbai. Ɗora ma'aunin h na mai sikila a kan na mai kansar jini kamar kwatanta cinikin mai shago a Kantin Kwari ne da na mai shago a kasuwar ƙauye, a ce wai ana auna iya ciniki.

Wani abin da lambar ba ta sani ba shi ne dalilin ambato. Maganin voxelotor an buga sakamakon babban gwajinsa a New England Journal of Medicine a 2019, aka ba shi lasisi a Amurka a shekarar, saboda yana ɗaga yawan jinin masu sikila. A watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya bayan bayanai sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a cikin masu shansa. Crizanlizumab, wani maganin sikilar, shi ma an buga gwajinsa a mujallar a 2017, amma Tarayyar Turai ta soke lasisinsa a 2023 da gwaji na gaba ya kasa nuna amfaninsa. Maƙalun biyu ba na bogi ba ne, kuma ba a janye su ba. Sai dai duk wanda ya rubuta bayanin dalilin faɗuwar magungunan sai ya ambace su, kowane ambato kuma yana ƙara wa marubutan lamba. Yabo da suka duk ɗaya ne a wurin na'ura. Maƙalar da aka janye ma ba a dogara da Google Scholar wajen gane ta, domin takan ci gaba da zama a shafin mutum da ambatonta. PubMed kuwa yana liƙa mata jan tambari a sama.

Mu dubi aiki ɗaya kusa, don a ga abin da ke ɓacewa tsakanin lamba da gaskiya. Kwaku Ohene-Frempong, likita ɗan Gana da ya rasu a 2022, shi ne sunan farko a maƙalar 1998 da ta nuna kashi 11 cikin ɗari na masu jinin SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. A 1998 ɗin kuma Robert Adams da abokan aikinsa suka buga gwajin da aka yi wa yara 130 masu sikila a Amurka da Kanada. An auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu da na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen kai, kuma duk yaron da gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari. Ƙarin jini kusan duk wata ya rage shanyewar da kashi 92 cikin ɗari. Maƙalu ne masu tarin ambato, kuma sun cancanta. Amma ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, abu ne da yawancin iyalai a Kano ko Maraɗi ba za su iya ba, ga ƙarancin jinin, ga kuɗi, ga taruwar sinadarin ƙarfe a jiki da ke buƙatar wani maganin mai tsada. Nijeriya kuwa ita ce ke kan gaba a duniya, da ƙiyasin jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara.

Daga nan ne tawagar likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka tambaya ko ƙwayar haidiroksiyuriya za ta tsaya a gurbin ƙarin jini. Gwajin share fage ya fito a American Journal of Hematology a 2017, Najibah Galadanci ce sunan farko. Babban gwajin, mai suna SPRING, ya fito a Lancet Haematology a 2022, Shehu Umar Abdullahi ne sunan farko. Yara 220 ne 'yan shekara 5 zuwa 12 daga asibitocin Kano da Kaduna, aka raba su biyu, kashi ɗaya na shan miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, ɗayan miligiram 20. Uku suka samu shanyewa a kashin farko, biyar a na biyu, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Aiki ne da ya shafi yadda za a kula da yaro a asibitin jiha gobe da safe. Ambatonsa ba zai kai na gwajin maganin gyaran ƙwayar halitta irin Casgevy ba, wanda aka ba lasisi a ƙarshen 2023 da farashin dala miliyan 2.2 kan mutum guda, domin masu rubutu kan gyaran ƙwayar halitta sun ninka masu rubutu kan yaran Kano sau da yawa. Likitan da ke sa ƙwayar haidiroksiyuriya a takardar magani ba ya rubuta maƙala, balle ya ambaci kowa.

A waɗannan maƙalu biyu ma akwai darasin suna. A ta 2017, PubMed ya jera likitan a ƙarƙashin "Umar Abdullahi S", a ta 2022 kuma "Abdullahi SU". Mutum ɗaya, ƙofa biyu. Wanda ya nemi ɗaya ba lallai ya ga ɗayar ba. Manhajojin nan an gina su ne kan tsarin sunan iyali da ba ya canzawa, mu kuwa sunan uba ne, ko na kaka, ko na gari, kuma mujalla takan ɗauki sunan tsakiya ta haɗe da na ƙarshe. Ƙara da Muhammad da Mohammed da Muhammed, da macen da ta koma amfani da sunan miji bayan aure. Ɗaya gefen matsalar ya fi muni. Masu suna Abdullahi S ko Musa A ko Ibrahim M ba su ƙirguwa, kuma idan mai shafi ya bar Google Scholar yana sabunta masa jerin da kansa, sai ka tarar da maƙalar takin zamani ko ta injiniyan lantarki a shafin likitan jini, tana ƙara masa lamba. Sau da yawa ba da gangan ba ne, sakaci ne. Amma kwamiti ba ya tambayar niyya in ya ga lamba.

Da gangan ɗin ma yana yiwuwa, kuma an gwada. A 2010 wani malamin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi mai suna Ike Antkare, ya sa na'ura ta haɗa masa maƙalun shirme kusan ɗari da ke ambaton juna, ya ɗora su a intanet. Ma'aunin h na wannan fatalwa ya kai 94. A 2024 wasu masu bincike a Amurka da Birtaniya suka buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafi ta irin wannan hanya, ta samu ambato 132 da ma'auni 11 kafin a goge. Dalilin shi ne Google Scholar yana ɗaukar duk takardar da ta yi kama da ta ilimi, mai take da marubuci da jerin manazarta, in dai tana wurin da na'urarsa ke bi. Kundin digiri, daftarin da ba a tantance ba, mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga komai cikin sati guda, duka ambatonsu ɗaya ɗaya ne, daidai da ambato daga ƙa'idar jinya ta ASH. Kuma ba shi da maɓallin cire ambaton da mutum ya yi wa kansa.

Wannan faɗin bakin nasa kuma shi ne alherinsa a gare mu, dole a faɗa. Mujallun Afirka da yawa da ke dandalin AJOL, mai tattara su a intanet, ba sa cikin manyan rumbunan biya, amma Google Scholar yana ganinsu. Tsofaffin ayyuka ma yana tono su. Binciken da Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka buga a 1979 daga Garki, wadda take jihar Jigawa a yau, ya nuna kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da jinin SS amma kaɗan ne ke wuce ƙuruciya. Har gobe ana kafa hujja da shi, kuma latsa "Cited by" a ƙarƙashinsa zai jero maka waɗanda suka ɗora a kai cikin shekaru arba'in da ɗoriya. Maɓallin "All versions" kuma yakan kai ka ga kwafin kyauta na maƙalar da mujalla ta kulle. Ga ɗalibin da jami'arsa ba ta biyan kuɗin rumbu, wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe manhajar. A lura kawai da rubutun Ingila da na Amurka wajen nema: "anaemia" da "anemia", "haematology" da "hematology". A nemi duka biyun.

Scopus, rumbun maƙalu na kamfanin Elsevier, shi ma a 2004 ya fito. Yana da kwamitin da ke zaɓar mujallun da za su shiga, yana korar waɗanda suka lalace, kuma yana da wurin cire ambaton kai. Shi ya sa lambarsa kusan kullum tana ƙasa da ta Google Scholar, kuma kuskure ne babba a ɗauko ma'aunin wane daga nan, na wane daga can, a jera su a tebur ɗaya. Cikakkensa sai cibiyar da ta biya, amma duba sunan marubuci da ma'auninsa kyauta ne. Aibinsa shi ne na'ura ce ke haɗa shafin, don haka takan raba Bahaushe ɗaya gida uku, kowane da guntun lambarsa, sai mai sunan ya cike fom ya nemi a haɗe. Mujallun gida da yake gani kuma ba su da yawa. PubMed na ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne, kyauta ne, ba ya ba da ma'aunin h, amma ya fi su duka tsafta wajen sanin mece ce maƙalar. Yana ɗauke da wasu mujallun gida irin Annals of African Medicine ta Sakkwato da Nigerian Journal of Clinical Practice. Akwai kuma iCite na cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, wanda mutane kaɗan ne suka san shi a nan. Kana zuba masa lambobin PubMed na maƙalu, ya auna kowace da sa'o'inta na fanni ɗaya, inda maki 1.0 ke nufin matsakaiciyar maƙalar da cibiyoyin suka ɗauki nauyi. Shi ne ya fi kusa da magance matsalar kasuwar birni da ta ƙauye, kuma yana nuna ko gwajin asibiti ko ƙa'idar jinya sun ambaci aikin.

Mai son yin awon da kyau, rabin awa zuwa awa guda zai kashe kan mutum ɗaya. Ya buɗe shafin Google Scholar, ya latsa maɓallin ƙari har jerin ya ƙare, ya bi take ɗaya bayan ɗaya ya fitar da duk wadda ba ta fannin ba. Ya fitar da rahotannin taro, da wadda ta fito sau biyu, daftari da bugaggiya. Alamar tauraro kusa da lambar ambato tana nufin an haɗe rubutu fiye da ɗaya a wurin, ya latsa ya ga ko da gaske abu ɗaya ne, domin a nan ake cusa maƙalar wani a ƙarƙashin taken wata. Sannan ya ɗauki goma na sama, ya rubuta wa kowace abu uku: yawan marubuta, gurbin mutumin a cikinsu, da irin maƙalar, ko gwajin magani ce, ko bin marasa lafiya na tsawon lokaci, ko bitar ayyukan wasu, ko labarin majinyaci guda. Bita takan tara ambato fiye da sabon bincike, don ta fi sauƙin kafa hujja. A shafin nema na musamman na PubMed akwai zaɓin marubucin farko da na ƙarshe, ya nemi sunan ta duk siffofin da zai iya fitowa, ya haɗa da sunan gari ko asibiti. Wurin aikin dukan marubuta sai daga 2014 PubMed ya fara sawa, kafin nan na marubucin farko kaɗai ne, don haka tace tsofaffin maƙalu da sunan asibiti zai zubar da wasu. Daga nan ya sake lissafa ma'aunin h da hannu kan abin da ya rage, ya rubuta ranar da ya duba, domin lambar Google Scholar tana hawa tana kuma sauka idan wani shafi ya ɓace daga intanet.

Zanen ambato na shekara-shekara ma yana magana. Na mai aikin gaske yakan hau a hankali. In ka ga ya yi tsalle ninki biyar a shekara guda, ka latsa "Cited by" na maƙalun da suka jawo haka, ka dubi masu ambaton. Wani lokaci babban gwaji ne ya fito, ba komai. Wani lokaci kuma sai ka tarar mutum huɗu ne ke ta ambaton juna a mujallu biyu da ba ka taɓa jin sunansu ba. Manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing, wadda ake saukewa kyauta a kwamfuta, tana iya jawo shafin gaba ɗaya ta zuba a tebur, ta kuma lissafa ma'aunin da ya raba ambato bisa yawan marubuta. In ka matsa mata da nema da yawa a jere, Google zai tsayar da kai ya ce ka tabbatar kai mutum ne, wani lokaci ya rufe ka na 'yan awoyi.

Shi kuma likitan da shafin nasa ne, gyaran yana hannunsa. Ya shiga wurin saita sabuntawa ya canza daga zubawa kai tsaye zuwa a aiko masa imel ya amince tukuna. Ya haɗe kwafi biyu na maƙala ɗaya, ya goge na masu irin sunansa ko da za su rage masa lamba, domin ranar da wani ɗan kwamiti ya gano maƙalar takin zamani a shafinsa, sauran ma sai an yi musu kallon zargi. Ya buɗe lambar shaidar marubuci ta ORCID, wadda ake bayarwa kyauta tun 2012, lamba 16 ce da ba ta canzawa ko suna ya canza, ya riƙa ba mujalla ita duk sanda zai tura aiki. Ya tsayar da siffa ɗaya ta sunansa, kuma idan mujalla ta aiko da kwafin gyara na ƙarshe, ya duba akwatin da aka sa sunan tsakiya kafin ya duba komai. Idan jami'arsa ce ke ɗora maƙalu a rumbunta, fayil ɗin ya zama mai rubutun da ake iya kwafa, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya ba, kuma kada ya wuce megabait 5, in ba haka ba na'urar Google takan tsallake shi. Gyaran da aka yi wa maƙalar da ta riga ta shiga yakan ɗauki wata shida zuwa tara kafin ya bayyana, don haka mai shirin neman ƙarin girma a baɗi, bana ya kamata ya fara.